Baca Sabri a Barandar Asibiti

Sau ɗaya tak aka taɓa kayar da Baca Sabri a gardama, kuma wanda ya kayar da shi ɗin wani siririn hafsan soja ne daga kudu, mai suna Thoma, wanda ko hawa alfadari bai iya ba. A shekarar saba'in da huɗu ne, zamanin da gwamnati ke kwashe kowa daga gona, maza da mata, ta rataya musu bindiga ta ce su koyi tsare Albaniya daga abokan gaban da har yau ba su iso ba. Aka tara mutanen kwarinmu a filin makaranta, maza a dama, mata a hagu. Sabri ya tsaya a sahun maza inda ya saba, farar hularsa a karkace, taba a bayan kunne. Thoma ya kira sunayen maza har ƙarshe, babu nasa. Ya juya takarda ya soma na mata, can sai aka ji ya ce Sabrije Ujkani.

Ba wanda ya amsa. Ya sake kira da ƙarfi, sai wata akuya ta amsa daga bayan katanga, maza suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Sabri ya fito daga sahu ya gaya wa hafsan, cikin iya ladabin da Allah ya ba shi, cewa mai wannan suna ta bar duniya shekara goma sha uku da suka wuce, shi ne ya gaje ta. Thoma ya tambaya ko akwai takardar mutuwa. Babu. To, in ji shi, tana nan da ranta ke nan, kuma ta makara. Sabri ya ce a kafa kwalba a kan dutsen can, in akwai namijin da zai riga shi fasa ta da harsashi a filin nan, shi da hannunsa zai ɗaura ɗankwali. Thoma ya ce ko tauraro zai harbo daga sama, jerin sunayen daga ofishin rajista ya fito, kuma shi bai taɓa jin wanda ya yi jayayya da ofishin rajista ya kwana a gidansa ba. A wancan zamanin wannan ba maganar raha ba ce. Sabri ya dubi duwatsu, ya dubi takalmansa, ya taka ya koma hagu.

Kwana ashirin da ɗaya ya yi yana maci da mata. Hyre, matar abokinsa Zenel, wadda bakinta bai taɓa samun hutun Lahadi ba, ita ce ta tarbe shi. Ta ce maraba da 'yar'uwa, ta tambaya ko ya zo da allurar saƙarsa. Amma da aka zo ɗaukar akwatin harsashi sai ta tuna ai namiji ne, aka ɗora masa. Haka aka yi ta yi da shi, wajen tsiya mace, wajen kaya namiji. In kuma rundunar ta shiga daji biyan buƙata, sai a kora shi can nesa, ya juya baya ya fuskanci dutse yana gadi har wadda ta fi kowa nawa ta gama. Shekaru da yawa bayan haka, in aka ambaci Thoma a gabansa sai ya tofar da yawu, ko da kuwa a kan shimfiɗar mutane yake zaune.

Wanda bai san gidan Ujkan, mahaifin Sabri, ba zai ɗauka abin dariya ne kawai. Ujkan 'ya'ya mata biyar ya haifa da namiji ɗaya, namijin kuma zazzaɓi ya ɗauke shi a hunturun sittin da ɗaya, lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe hanya aka kasa sauko da shi wurin likita. Shi kansa Ujkan itace ya riga ya faɗo masa a ƙafa, yana jan ta kamar ta aro. Gidan da babu namiji mai tafiya da ƙafa biyu, a kwarin nan, ba mai zama masa a taron dattawa ranar rabon ruwan ban-gona, ba mai tarbar baƙo a zauren maza, ba mai amsawa in an buga ƙofa da wata magana. 'Yan'uwan uba kuwa har sun fara auna gonar masara da ido, suna zuwa gaisuwa fiye da yadda zumunci ya buƙata.

Sabrije ce ta uku, shekararta goma sha bakwai. Ba ita ce kyakkyawar gidan ba, burodin da take gasawa kuma ana iya jifan kerkeci da shi, saboda haka samarin kwarin ba su yi zaman makoki ba. Amma ita ce ke danne rago ita kaɗai, ita ce kuma alfadarin gidan ke jin maganarta. Aka kira dattawa goma sha biyu a ɓoye, don jam'iyyar da ke mulki ba ta son irin waɗannan al'adun kakanni, aka rufe ƙofa. Ta rantse ba aure, ba haihuwa, ba waiwaye, har kabari. Aka datse kitson nan da ya kai mata ƙugu da almakashin askin tumaki, aka miƙa mata wandon ɗan'uwanta da hularsa da agogon aljihu. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara ce masa "ke", har uwar da ta haife shi. Ita ce ma ta fara zuba masa ruwan wanke hannu a zaure, ta koma madafa ta ci nata abincin da sauran mata.

Ya yi aikin maza har ya ba maza haushi. Shekara talatin yana jan alfadarai, yana sauko da gungumen katako daga dajin sama zuwa bakin hanya, ta wuraren da direbobi ke kallo su ce sai dai tsuntsu. Ya aurar da 'yan'uwansa huɗu, kuma in miji ya ɗaga wa ɗaya hannu, Sabri ba ya faɗa, sai dai ya je ya zauna a zauren mutumin yana goge bindiga yana tambayar lafiyar shanu har gari ya yi wa mai gidan zafi. Ya ɗauki makarar ubansa a kafaɗa, ya ɗauki ta uwarsa. Yana naɗa tabarsa da hannu ɗaya, yana kurɓar giyar raki da gahawar safe wai don makogwaro, yana buga domino da Zenel a shagon bakin gada, shekara hamsin kowa na zargin ɗan'uwansa da maguɗi, kuma dukansu biyu gaskiya suke faɗa. Da furfura ta fito aka fara ce masa Baca kamar kowane dattijo, in ya shigo zaure sai a miƙe a ba shi kusurwar da ke kusa da murhu.

Gaskiya a faɗe ta, bai yi wa mata sauƙi ba. Ba a taɓa yin namijin da ya kai shi ƙorafin surutun mata ba, ko saurin cewa miya ta yi gishiri, alhali ko ƙwai bai iya soyawa ba. Mata kuwa suka rama ta hanyar da suka fi ƙwarewa: suka ɗauke shi namiji cikakke. In ya doso sai a yi tsit, a gyara ɗankwali, a ɓoye masa duk wani labari mai daɗi. Saboda haka ya tsufa bai san komai ba game da abin da ke faruwa a kwarin, daidai da sauran maza. Da waccan gwamnatin ta faɗi aka sake buɗe masallaci, wani matashin liman da ya yi karatu a waje ya ja shi gefe zai yi masa nasiha a kan sahun sallar da ya dace da shi. Sabri ya tambaye shi ko a makarantar tasu an koya musu yadda ake sa tsoho ya karya rantsuwa. Liman ya ce zai duba littattafai. Yana nan yana dubawa.

A kakar da ya cika saba'in da tara ya hau bishiyar tuffar da ke bayan gida. An hana shi, shi ya sa ya hau. Reshe ya karye, ƙashin ƙugu ya bi shi. Motar asibiti ta sauko da shi garin gunduma yana zagin direba a kowace kwana. Yarinyar da ke rubuta masu shigowa baƙuwa ce, daga bakin teku aka turo ta aiki. Ta karɓi katin shaida, ta ga harafin mace, ta rubuta ɗakin mata, gado na huɗu. Ba laifinta ba ne, abin da aka koya mata ta yi. Likita ya sa masa ƙarfe a ƙugu, aka gungura shi yana barcin allura.

Da hantsi ya farka. Abu na farko da ya lura da shi, babu hula a kansa, rana na kallon abin da ta yi shekara sittin da biyu ba ta gani ba. Na biyu, an sa masa rigar asibiti mai ƙananan furanni, buɗaɗɗiya ta baya. Na uku, a gadon da ke fuskantar nasa Hyre ce zaune, da ciwon sukarinta da haƙoranta a cikin kofi, tana kallonsa baki sake.

Ba ƙugun ne ya dame shi ba. Maza ba sa shiga ɗakin mata dubiya sai miji ko ɗa, shi kuwa ba shi da ko ɗaya. Sati uku likita ya yanka masa. In ya yi sati uku a nan cikin rigar furanni, labari zai riga shi isa kwarin, a ce ya tafi asibiti Baca ya dawo tsohuwa. Kusurwar murhu ba da faɗa ake ƙwace ta ba. Wata rana ce kawai mutum zai shigo zaure ya ga ba wanda ya miƙe.

Kowa zai zaci Hyre za ta sake cewa maraba da 'yar'uwa. Ina. Tawul ta fizga ta rufe kai, ta cusa haƙoranta, ta ja bargo har haɓa, ta sanar da sauran matan huɗu cewa su kintsa, an shigo musu da namiji. Wata tsohuwa da ake ƙara wa ruwa ta miƙe tsaye riƙe da sandar ruwan, don ba ta saba miƙe ƙafa a gaban dattijo ba. Wata amarya da aka yi wa tiyatar ciki ta yafa rigar matashin kai.

"Baca Sabri, ka ji tsoron Allah," in ji Hyre daga ƙarƙashin tawul. "Da tsufanka? Me kake nema a nan?"

"Hulata nake nema. Ke kuma ki kau da ido, matar mutum ce ke."

"Ni nake kallonka? Kai aka kawo aka dasa min a gaba kamar talabijin."

Kwana biyu ɗakin nan ya tsaya cik. Matan kwari biyar a wuri ɗaya, ba mai cewa uffan, abin da jam'iyya ta yi shekara arba'in da biyar tana nema ba ta samu ba. Likita ya zo zagaye, ba wadda ta yarda ta ɗaga riga. Ba wadda ta nemi fo, sai dai su yi ta jan ƙafa zuwa bayin da ke can ƙarshen baranda, har da wadda aka ce kada ta motsa. In an kawo miyar wake da burodi, cokula na ajiye sai shi ya fara ci, shi kuwa ba ya jin cin komai, miya ta yi ta hucewa ana kallonta. Don kare mutuncin kowa ya juya ya fuskanci bango, ya kwanta a kan ƙugun da aka ce ko da wasa kada ya kwanta a kai.

Ranar ziyara Zenel ya shigo da sandarsa da shekarunsa tamanin da biyar, ɗauke da byrek, wani irin burodi mai cuku, a naɗe cikin jarida. Ya ga abokinsa kwance taku uku daga matarsa. Bai ko gaisa ba, ya wuce ofishin darakta. Ya ce shi ya yarda da Sabri kamar ɗan'uwa na jini, amma ko ɗan'uwa na jini ba ya kwana ɗaki ɗaya da matar mutum, kuma wanda ke ɓoye ɗan domino a hannun riga ba a san inda zai tsaya ba. Wasu mazaje biyu suka mara masa baya. Kafin darakta ya gama neman tabaraunsa, Sista Lume, babbar mai jinya, 'yar kwarin da ta san kowa tun yana da haƙoransa na asali, ta kama gadon ta turo shi baranda. Ta ajiye shi daidai tsakanin ƙofar maza da ta mata, kusa da bokitin goge ƙasa. Ta tono masa hularsa daga jakar kaya, ta samo masa wandon barcin da wani ya manta. Ƙofa na rufuwa surutu ya ɓarke a ɗakin mata kamar an fasa madatsar ruwa.

Kwana ukun farko a baranda, Sabri bai taɓa sanin asibiti na da daɗi haka ba. Tunda baranda ba ta kowa ba ce, mazan kwarin suka yi ta saukowa a ƙaramar bas ɗin safe. Aka jero kujeru, wani ya kawo ɗan rishon gas ana dafa gahawa a bayan bokiti, aka mai da faifan abinci teburin domino. Zenel ya huce tunda an nisanta masa matarsa, ya zauna a bakin gado suka ci gaba da cutar juna. Har marasa lafiyar ɗakin maza su huɗu suka riƙa fitowa, kowa riƙe da jakar fitsarinsa kamar mai zuwa kasuwa. Sun riga sun bar masa gadon da ke jikin hita, sun ce ba mai hawa kansa sai Baca. Lume tana wucewa tana ƙwace taba a bakunan mutane, ba ta ko tsayawa.

Sai dai ƙofar ƙarshen barandar ba ta rufuwa sosai, iskar duwatsu kuma a watan goma ba ta san dattijo ba. Rana ta huɗu tari ya fara. Ta biyar jiki ya yi zafi, ya bar Zenel ya ci shi sau uku a jere bai ce an yi maguɗi ba, a nan kowa ya san abin ya yi tsanani. Likita ya gaya wa Lume cewa tsoho mai karyayyen ƙugu ba ƙugun ke kashe shi ba, sanyin ƙirji ne, a sa shi a ɗaki mai ɗumi yau ɗin nan, kowanne ne. Ɗakin mutum ɗaya tilo da asibitin ke da shi, wani mai tarin fuka ne a ciki. Sabri ya ce in ɗakin mata ne a bar shi inda yake, a aika wa masu haƙa kabari su fara kafin ƙasa ta daskare.

Darakta Petrit ba mugu ba ne. Matsoraci ne, wanda ya fi mugu wahalar sha'ani. Shekara biyu da suka wuce, lokacin wata mura da ta cika asibitin, an haɗa maza da mata a ɗaki ɗaya, wata mata ta kai ƙara Tirana, babban birnin ƙasar, aka zo aka wanke shi tas a gaban ma'aikatansa. Tun daga nan ya rubuta ƙa'ida ya manna a kowane bango: ɗaki bisa harafin da ke kan katin shaida. Ya gaya wa Lume cewa don kare mutuncin mata aka raba ɗakunan nan, kuma yana da gaskiya. Lume ta ce masa matan da ake karewa ɗin su ne suka kwana biyu riƙe da fitsari, ita ma kuma tana da gaskiya. Ya ce wannan ba ya cikin takarda.

Washegari da safe Erjola ta iso daga Tirana a jar motarta, da kwamfuta a hammata. Jikar ƙanwar Sabri ce, lauya, yarinyar da ya taɓa ɗorawa a wuyan alfadari tana ihu tana dariya. Ta sumbaci hannunsa, ta taɓa goshinsa, idonta ya canza. Ta ce kada ya damu, dokar hana nuna bambanci tana bayansa, akwai ofis guda da aka kafa don irin wannan, in ta kama har 'yan talabijin za ta kira. Ya ce in ya ga kyamara da fo zai jefe ta. Baƙi masu ɗaukar hoto sun sha hawowa kwarin nemansa, kowa da sunan da ya zo zai raɗa masa, ya ba su gahawa, ya riƙe musu bindiga sun ɗauka, sun tafi ba su fi sanin komai ba. Ta ce to ba kyamara, sa hannu kawai zai yi a takardar da ta rubuto. Ya ce ta karanta masa. Ta karanta har ta zo inda aka ce shi tun yana ƙarami yake jin kansa namiji a cikin zuciyarsa.

"Wa ya gaya miki?"

"Haka ake rubutawa, Kawu. Da irin wannan ne doka ke samun abin kamawa."

"To goge. Ban ji komai ba. Sati guda na yi ina kuka a bayan turken alfadarai saboda kitsona, kakarki ke kai min abinci a ɓoye. Ba ji na yi ba, 'yar nan. Rantsuwa na yi."

Erjola ta sauke takardar. Ba ta taɓa jin labarin kitson ba, Zenel ma da ke zaune a wurin bai taɓa ji ba, sai ya shiga gyara sandarsa da ba abin da ya same ta. Can ta ce in haka ne, ita ba ta san gurbin da doka ta tanadar masa ba. Ya ce ai shi ma ya lura, shi ya sa yake baranda. Ta fyace hanci, ta goge layin, ta tafi ta kira darakta duk da haka, don jinin gidan Ujkan ne, ba sai da makami suke shiga faɗa ba.

A kan gadon aka yi ta, ita a dama, Petrit a hagu, suna magana ta saman kan Sabri kamar tebur ne a tsakaninsu. Ta ce doka ta hana a wulaƙanta mutum saboda abin da yake. Ya ce dokar nan dai ba ta hana raba ɗakin kwana ba, kuma sai an san wane ne wane kafin a raba. Ta ce kowa a kwarin nan ya sani. Ya ce in gobe wani ƙato ya zo ya ce shi ma ya rantse, a kai shi cikin mata fa? Ta ce ba wanda ke neman shiga ɗakin mata a nan, fita ake nema. Ya ce in wani abu ya sami mace a ɗakin maza, sunan wa za a buga a jarida? Tsofaffin nan huɗu da ke tsaye a ƙofa da jakunkunansu suka dubi juna. Ɗaya ya ji haushi, ukun kuwa kamar an yaba musu. Hyre ta leƙo daga tata ƙofar, tawul a ka, ta ce in aka dawo mata da shi ita za ta kwashe bargonta ta koma ɗakin maza, daraktan ya san harafin da zai rubuta. Lume ta duba agogo ta ce su ci gaba, ba sauri, zazzaɓin ma yana jiransu.

Petrit ya zaro katin daga fayil ya ɗaga shi sama. Ya ce shi ba baƙo ba ne, yana girmama al'ada, ya san wane ne Baca Sabri tun yana ɗan makaranta. Amma hukuma ba ta aiki da an ce an ce. Abin da aka rubuta ranar haihuwa shi ne shaida, sauran duk maganar baki ce.

Sabri, wanda tun ɗazu ba abin da yake sai tari, ya miƙa hannu. Aka ba shi katin. Ya juya shi gaba da baya kamar mai duba haƙoran alfadari a kasuwa, ya gyara hularsa, ya jira tarin ya lafa. Abin da ya faɗa ba shi da tsawo, amma bayansa Erjola ta rufe kwamfuta, kafin azahar kuma gadon Sabri yana jikin hita a ɗakin maza, darakta da kansa ne ya riƙe ta wajen ƙafa, yana turawa yana kallon rufi don kada idonsa ya faɗa kan takardar da ya manna a bango.

"Ɗana, magatakardan da ya fara rubuta harafin nan bai taɓa ganina ba. Ina da wata uku a duniya ubana ya sauko gari sayen gishiri, ya leƙa ofis ya ce an yi masa mace, aka rubuta. Shekara goma sha bakwai bayan haka, uban nan dai ya tsaya gaban dattawa ya ce wannan ɗana ne. Shaidarka da tawa daga baki ɗaya suka fito. In maƙaryaci ne, yaga katin. In mai gaskiya ne, kama gadon nan ka tura."